Sakin Layin Karimatou

Da Mahamoud dillalin shanu ya rasu, bai bar wa matarsa Karimatou wata rigima ba sai guda ɗaya, wato yayansa, Alhaji Idrissou na unguwar Avotrou a Kwatano.

Alhaji Idrissou ba mugun mutum ba ne. Shi dai Allah ya ba shi ƙaton gida a hayin gada, da fili a ƙofar gida inda za a kafa rumfuna ba a tare wa kowa hanya ba, kuma tun da ya gina gidan yake neman dalilin da zai sa jama'a su zo su gani. Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, ya tsaya a bakin ɗakin Karimatou, ya yi gyaran murya, ya ce ta arba'in a wurinsa za a yi.

"Nan Zongo ina za ki zuba mutane? A kan kwata?"

Karimatou tana bayan labule cikin farin mayafinta. Takaba take yi, mai takaba kuwa ba ta hawa zem, wato babur ɗin haya, ta ƙetare gada don zuwa taro. In aka kai sadakar Avotrou, za a yi wa mijinta addu'a, a shafa, a ci abinci, a watse, ita tana nan tana sauraron injin niƙan maƙwabta. Ko amin ɗaya ba za ta sa ba.

"Yaya Alhaji," ta ce, "a nan ya zauna, a nan ya cika. A bar shi a gidansa."

"Ke kin san mutanen ƙanena kuwa? Waɗannan ba na saƙon waya ba ne. Akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Kara, akwai limamai, akwai manyan kasuwar Missèbo. Kowa da takardarsa, da sunansa, da sarautarsa, ba a sa wa wani hular wani ba. Ke da ba kya fita, wa zai yi miki?"

"Allah zai yi."

"To. In kun iya, a yi a nan. Amma in na ga abin kunya ko guda a takardar, wallahi na ɗauke, kada ki ce ban faɗa ba."

Ya tafi yana ganin magana ta ƙare. Ya manta da Nimatou.

Nimatou ita ce autar Karimatou. Tana aiki a wani biro, wato ofis, a Cadjèhoun, can wajen filin jirgi, kuma uwar ba ta taɓa gane ainihin aikin ba. In aka tambaye ta sai ta ce 'yarta tana buga takardu ne ba tare da ta buga su ba, mai tambaya ya ce to madalla, ya wuce.

Ran Asabar da hantsi Nimatou ta ɗora kwamfutarta a kan ɗan teburin da ubanta yake cin tuwo. Dije mai waina, maƙwabciyarsu kuma ƙawar Karimatou tun suna amare, tana gefe tana tsintar shinkafa. Karimatou ta leƙa. Ba ta ga takarda ba, sai wani baƙin allo mai rubutu kore da ja da ruwan goro.

"Ina takardar?"

"Ba a haife ta ba tukuna, Inna. Wannan kod ne."

"Wa?"

"Umarni ne. Ni ba zan zauna in buga wa kowa tasa ba, sai hannuna ya karye. Sau ɗaya zan gaya wa na'ura. In ce, buɗe farar takarda a Word. Sa sakin layi na farko, sallama, ki ajiye shi a tsakiya. Sa na biyu, sunan mutum da sarautarsa. Sa na uku, rana da wuri. In kin gama ki adana, ki ɗauko suna na gaba, ki sake. Haka za ta yi ta yi har sunayen su ƙare."

Dije ta ajiye faranti. "Ashe 'yar aiki ce. Tana jin magana?"

"Har ya yi yawa, Inna Dije. Abin da kika ce shi za ta yi, ko da shirme ne. Ba ta tambaya, ba ta musu."

"To wannan ba haihuwar Zongo ba ce."

Aka yi ta aiki. Nimatou tana karanto sunaye daga wayar marigayi, uwar tana gyara mata. Wannan ba Malam ba ne, ya je Makka bara, in kika rubuta Malam ba zai zo ba. Wancan Alhaji ne amma ya fi son a ce Wakili. Wancan kuma sun ɓata da marigayi a kan wani bijimi, amma a rubuta shi, ya fi kowa kuka a maƙabarta. Da aka zo kan ayar da liman ya bayar a sa a sama, na'ura ta jera ta daga hagu kamar boko. Nimatou ta yi tsaki, ta ƙara wani layi a baƙin allon, ayar ta koma dama inda ya dace da ita.

"Kin ga," in ji Dije, "ta musulunta."

"Saura sunan Baba," Nimatou ta ce. "Shi zan sa shi a gras."

Karimatou ta ji gara. Ta dafe ƙirji. "Gara? A takarda? Ai cinye ta za ta yi kafin ta isa hannun mutane."

"Ba gara ba, Inna, gras. Faransanci ne. Wato mai ƙiba, mai kitse. Baƙaƙen su yi kauri, su fito ɓaro-ɓaro."

Karimatou ta dubi Dije, Dije ta dube ta. Duk Zongo an san Mahamoud da rama. Mutum ne da yake ƙiyasta naman sa da ido ɗaya, amma shi kansa in ya juya gefe sai ka neme shi. Karimatou ta ɗura masa tuwo da man shanu, ta ɗura masa cukun wagashi, ta ɗura masa farfesun ƙafar sa, duk kamar a rami ake zubawa.

"Yanzu ke," ta ce, "abin da na yi shekaru ina fama ban iya ba, wannan abar za ta yi shi?"

"Cikin ƙiftawar ido."

"Nuna mini."

"To faɗi wani abu, ko mene ne, in gwada miki. Gwaji ne kawai, ba inda za shi."

Karimatou ta leƙa waje. Idonta ya faɗa tsakar gida, kan ƙyauren madafa da yake rataye da ƙarfe ɗaya, ya karkace kamar mai ciwon wuya. Wata akuya ta riga ta sa kai ciki.

"Rubuta," ta ce. "Kai Mahamoud, ka tafi ba ka gyara mini ƙofar madafa ba. Kullum gobe, kullum gobe. To ga goben ta zo, awakin Dije suna cinye mini albasa."

Hannun Nimatou ya tsaya a kan maɓallai. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Maigida take cewa, ko Malam, in ranta ya ɓaci ta ce mutumin nan. Ko yaron maƙwabta mai wannan suna, Karimatou Mai-sunan-malam take ce masa.

Dije ta ɗago kai. "Awakin wa? Awakina ba sa cin albasa, suna da tarbiyya."

Nimatou ta buga, ta danna. Farar takarda ta buɗe. Ga aya, ga sallama, ga sunan Sarkin Pawa, ga rana da wuri, ga gaisuwar iyalan marigayi. Can ƙasa kuma, a tsakiya, da manyan baƙaƙe masu kauri kamar an kiwata su, ga maganar Karimatou.

"Me ya sa ya faɗo ƙasa?"

"Haka take. Duk sabon sakin layi a ƙarshe take ajiye shi, kamar wanda ya makara masallaci."

"Shi ne kuwa," in ji Dije. "Sahun baya, kusa da takalma."

Karimatou ta matso da fuska. Lakwal ɗin da ta yi, wato makarantar boko, ba ta da yawa, amma tana haɗa baƙi, sunan nan kuwa ko a duhu za ta gane shi. Ga shi ya cika, ya yi kumatu, ya zauna daram a tsakiyar takarda.

"La ilaha," ta ce. "Dije, zo ki ga. Ya yi ƙiba."

Suka fashe da dariya su ukun. Dije ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa, shinkafa ta zube. Karimatou ta yi dariya har hawaye ya zo, da hawayen ya zo kuma sai ya ƙi tsayawa. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Dije ta tashi tana tsince shinkafar ɗaya bayan ɗaya, Nimatou ta kafa wa allo ido.

Da abin ya lafa, Nimatou ta duba takardun, ta ga komai ya zauna. Ta koma baƙin allon, ta kai kan layin gwajin, ta sa masa wata 'yar alama a goshi.

"Me kika yi masa?"

"Na ɗaure shi. Duk layin da aka sa wa wannan, na'ura tsallake shi take yi kamar ba ya nan. Bari in je in sayo ambulan kafin a rufe shago."

Ta yafa gyale ta fita. Dije ma ta tafi duba ƙullunta. Aka bar Karimatou ita da kwamfuta.

Ta daɗe tana kallon layin. Ɗazu launinsa mai haske ne, yanzu ya dusashe, ya yi toka-toka. Alamar ce ta tsaya mata a rai, layi biyu a tsaye, biyu a kwance sun gitta su. Karimatou 'yar dillali ce, matar dillali. Ta san wannan zanen. Shi Mahamoud yake yi da jan fenti a gadon bayan saniyar da ciniki ya faɗa a kanta, wadda gobe da asuba za a kora mayanka. Sau nawa ta wanke masa wannan fentin a hannun riga? Yau ga shi an zana a gaban sunansa.

"A'a," ta ce a fili. "Ba a kansa ba."

Tun safe take ganin maɓallin da Nimatou take dannawa in ta yi kuskure, mai cin baƙi ta baya. Ɗan tsinken nan mai ƙiftawa a allo yana nan daidai inda yarinyar ta bar shi, a gindin alamar. Karimatou ta yi bismilla, ta sa yatsa ɗaya, ta danna sau ɗaya. Alamar ta ɓace. Layin ya dawo da launinsa. Ta ji sanyi a ranta, ta tashi ta yi alwalar azahar.

Nimatou ta dawo da ambulan, Dije a bayanta tana faɗa. "Kun rubuta duniya kun bar Rachidi mahauci? Mutumin da ya ɗauki makara tun daga nan bai yarda an karɓe shi ba?" Aka ƙara Rachidi, aka ƙara wasu da Dije ta tuno. Hadari ya haɗo ta wajen teku, mai shagon buga takardu kuma a Vêdoko yake, ya ce in ruwa ya sauko shi rufewa zai yi. Nimatou ta adana, ta danna, na'ura ta sake haifo takardun gaba ɗaya. Ta buɗe ta Rachidi, ta ga sunansa ya fito daidai a sama, ta rufe. Ta zuba su a kile, ɗan abin kwasar takardu daga kwamfuta, ta tare zem.

Mai shagon Bafon ne, ɗan asalin garin, Hausarsa ba ta wuce sannu da nawa ne ba. Ya buga, ya ninke, ya zuba a ambulan, ya liƙe, har ya yaba wa Nimatou da cewa tsarin ya yi kyau, musamman na ƙasan nan. Ita ta ɗauka gaisuwar iyalai yake nufi. Washegari 'yan zem masu rigar ruwan ɗorawa suka watsu da takardu, daga Zongo zuwa Missèbo, zuwa kara, zuwa hayin gada.

Rana ba ta yi tsaka ba Dije ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwali a hannu, takardar mijinta a ɗaya hannun.

"Karimatou! Awakina sun shiga takarda! Duk Kwatano ta san awakina ɓarayi ne!"

Nimatou ta fizge takardar. Ta karanta, ta zauna a bakin rijiya, ta sake karantawa. Ta ruga ɗaki ta buɗe kwamfuta, ta buɗe ta liman, ta buɗe ta Sarkin Kara, ta buɗe ta Alhaji Idrissou. Kowace da Kai Mahamoud a ƙasanta, ya yi ƙiba ya cika layi.

"Inna lillahi. Da hannuna na ɗaure layin nan. Da hannuna!"

"Ni na kwance shi," in ji Karimatou.

"Inna!"

"Lambar mayanka kika sa masa. Ni ban san za ta kwashe shi ta kai wa liman ba. Ke kika ce gwaji ne."

Nimatou ta sunkuya kan kwamfutar. Ta dubi alamar a kan maɓalli kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta ce a hankali, "Baffa Idrissou ya samu tasa tun da safe."

Karimatou ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta saki labule, ta zauna jiran abin da ta san yana tafe.

Bayan la'asar ya iso. Tun daga zaure ake jin takalminsa. Ya tsaya a bakin ɗakin, takardar a hannunsa.

"Karimatou, me na ce miki?"

"Ka ce in ka ga abin kunya ka ɗauke."

"To wannan mene ne? A gaban limamai! A gaban Sarkin Pawa! Ƙofar madafa! Albasa! Ke kuma," ya juya kan Nimatou, "wannan ne karatun? Ubanki ya sayar da shanu ya kai ki lakwal don ki sa shi a bakin duniya?"

"Baffa, kuskure ne, na'urar..."

"Ba ruwan yarinya," in ji Karimatou daga bayan labule. "Bakina ne, yatsana ne."

"Bakinki kuwa. Duk wannan bai dame ni ba kamar sunan. Kai Mahamoud! Gatsal, kamar kina kiran ɗan aike. A gidanmu mace ba ta kama sunan miji. Uwarmu har ta koma ga Allah ba mu ji sunan ubanmu a bakinta ba."

Labulen ya ɗan motsa.

"Yaya Alhaji, ni ma ban taɓa kamawa ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban kira shi ba, yana nan, yana ji, da zai amsa. Yanzu da na kira bai amsa ba. Ka bar ni da wannan, ya ishe ni."

Alhaji Idrissou ya kau da ido daga labulen. Ya ninke takardar, ya warware, ya sake ninkewa. Amma shi mutum ne da in ya hau magana ba ya son a ga saukarsa.

"Duk da haka," ya ce, murya ta ɗan sauka, "magana ɗaya ce. Gobe zan sa a sanar a masallaci, an mai da taro Avotrou."

Bai rufe baki ba aka kwaɗa sallama a zaure, sallamar da ta fi ƙarfin gidan. Rachidi mahauci ne, ƙato mai wuya kamar na bijimi, ya shigo da baya yana jan wani sabon ƙyauren katako, wani kafinta yana riƙe da ɗaya gefen.

"Ina madafar?" ya ce. "Au, Alhaji, kana nan. Barka da yamma. Matsa kaɗan."

"Rachidi, mene ne wannan?"

"Ƙofa ce, Alhaji."

"Na ga ƙofa ce!"

"To ai takarda muka samu. Ranar jana'iza liman ya tambaya, akwai wanda marigayi ya yi wa alkawari bai cika ba? Kowa ya yi shiru. Ashe mai alkawarin tana cikin gida, ba ta da bakin magana a maƙabarta. Da na ga an rubuta shi da manyan baƙi na ce wannan shi ne kan maganar, sauran duk gaisuwa ce. Ba za mu bar Mahamoud da nauyi a wuya ba a kan ƙyaure ɗaya."

Nimatou ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa da dariya.

Kafin Alhaji Idrissou ya samu amsa, aka sake sallama. Yaran Sarkin Kara ne da ƙyauren ƙarfe a amalanke, an ce a gaishe da mai takaba, a ce mata katako ba ya jure damina a Kwatano. Bayansu wani tsoho mai sayar da yadi a Missèbo ya aiko da buhun albasa. Na'ibin liman ya zo da kansa, ba ƙyaure a hannunsa, amma ya kawo igiya, ya ce a ba Dije.

"Ni?" in ji Dije. "Malam, har da kai?"

"Haƙƙin maƙwabtaka ne, Hajiya. An rubuta."

Tsakar gida ta cika. Rachidi da yaran Sarkin Kara suka kaure da musu a kan wanda za a kafa, na katako ko na ƙarfe. Kafinta ya ciro tsohon ƙyauren ya jingine. Kowa yana ba da shawara, ba mai jin ta wani. Alhaji Idrissou yana tsaye a tsakiya, an manta da shi, har wani ya miƙa masa ƙusoshi ya ce ya riƙe.

Ya dubi ƙusoshin a tafinsa. Karimatou tana leƙensa ta gefen labule, ta ga wuyansa ya kumbura.

"Kai!" ya daka tsawa. Kowa ya tsaya. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Mahamoud. Ina raye, ina tsaye da ƙafata, mahauci ne zai sauke masa alkawari? Ba ni gudumar nan."

"Alhaji, ka iya kuwa?" in ji kafinta.

"Kafin a haife ka nake kafa ƙofa."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Nimatou, ya zaɓi na katako, ya durƙusa. Bugun farko ya samu ƙusa. Na biyu ya samu babban yatsa. Ya ambaci sunan Allah da ƙarfi, ya sa yatsan a baki, ya ci gaba. Kafinta yana ta cewa Alhaji ba ta nan ba, Alhaji a juye take, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Yana bugu yana magana, ba da kowa ba.

"Tun yana yaro haka yake. A aike shi ɗebo ruwa, gobe. A ce ya je a yi masa aski, gobe. Ranar da zan tafi Makka ya ce zai raka ni filin jirgi, sai da na dawo ya zo rakiyar." Ya buga ƙusa. "Ran da ya kwanta na ce zan zo in duba shi, ya ce in bari sai gobe."

Gudumar ta tsaya. Ba wanda ya yi motsi. Rachidi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Alhaji Idrissou ya share fuska da hannun riga, ya ce zufa ce, garin nan da zafi. Ya ƙarasa sauran ƙusoshin, ya miƙe, ya tura ƙyauren. Ya rufu da wata ƙara kamar tari.

"Madalla," in ji na'ibin liman. "To sai ranar arba'in ke nan. Jama'a da yawa sun ce za su zo su ga ƙofar."

"Sarkin Kara ma ya ce a ajiye masa wuri kusa da ita," in ji ɗaya daga cikin yaransa.

Alhaji Idrissou ya karɓi rigarsa ya zura. Ya dubi tsakar gidan, ya dubi kwatar da ya raina, ya dubi aikin hannunsa. Ya tako zuwa bakin labule.

"Karimatou."

"Na'am, Yaya Alhaji."

"Rumfunan da na yi haya, da kujerun, nan za a kawo su. A tare titi, kowa ma tarewa yake yi. Amma shinkafa daga gidana za ta zo, kada in ji musu."

"Ba musu. Allah ya saka da alheri. A sa wa yatsan nan man zafi."

"Ba abin da ya samu yatsana."

Ranar arba'in titin ya cika tun da hantsi, har 'yan zem suna zagayawa ta bayan masallaci suna mita. Karimatou ta shimfiɗa tabarma a gindin tagarta, inda muryar liman take shigowa tar kamar a ɗakin yake. Mata sun cika tsakar gida. Dije ta shiga madafa ɗebo waina, iska ta turo ƙyauren Alhaji Idrissou ya rufe a bayanta. A ranar aka gane cewa ta waje kaɗai yake buɗuwa.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya ambaci Mahamoud ɗan Abdurrashid, ya roƙa masa gafara, ya roƙa masa sanyin kabari da yalwarsa. Daga madafa aka fara jin bugu.

"Karimatou! Nimatou! Jama'a, hayaƙi!"

Matan da ke kusa hannuwansu na sama, kowace tana jiran wata ta tashi. Karimatou ta ji bugun sarai. Ta san wutar ta mutu tun ɗazu, hayaƙin bakin Dije ne kawai. Ta gyara zama, ta buɗe tafukanta, tana amsa amin ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko guda ta wuce ta ba. Sai da aka shafa fatiha, titi ya ɗauki hayaniya, sannan ta share fuskarta, ta sa takalmi, ta je ta buɗe wa Dije.